Bakwai Bisa Arba'in

Shafi na 9

Sallama gare ku. Na ga saƙonninku duka, har da na mai cewa in na ƙara jinkiri za ta biyo ni makaranta. Ku yi haƙuri, takardun yara ne suka riƙe ni.

Ga wanda yau ya fara shigowa: masu fenti sun janye kabad ɗin Mama, Yaya Babba ya tsinci hoton da Autanmu ya aiko mata shekaru da dama da suka wuce. Ya ɗauki tsakiyarsa a waya ya tura wa wani abokinsa, abokin ya tura wa wata dillaliyar zane-zane. Auta kuwa ya daɗe rabonsa da gida, sai dai gaisuwa a waya ƙarshen wata. To, yau ga dillaliya a falonmu.

Ba ta yi kama da yadda na zata ba. Siririya ce, mai sanyin murya, jakarta ko ƙyalli babu. Ta durƙusa ta gaida Mama, ta zauna a bakin kujerar da muka lulluɓe da tsohon zanin gado saboda fenti.

Mama ta dube ta ta saman tabarau.

"'Yar nan, an ce daga nesa kika taso. Ina tsoron an sa kin ƙona mai a banza."

Yaya ya ce, "Mama, don Allah mana."

"Gaskiya nake gaya mata. Ban iya cin haƙƙin mutum ba."

Dillaliya ta yi murmushi. "Ko ban saya ba, Mama, ganinsa ma riba ne. A ba ni tebur, da wurin wanke hannu."

Na share teburin cin abinci. Ta wanke hannu, ta goge, ta ciro farar safar hannu ta saka. Yaya ya matso kusa da kunnena.

"Kin gani? Abin da ake sa wa safa ba ƙaramin abu ba ne."

Mama da kanta ta kwance ɗaurin. Takarda ce babba, mai kauri, a tsakanin kwali biyu. Ta janye kwalin sama a hankali, daga kai zuwa ƙasa. Da ta kusa ƙarshe sai ta tsaya, ta ɗora tafinta a kan kwalin.

"Nan ya isa."

Duk muka sunkuya a kan hoton. Ni ranar na fara ganinsa ido da ido.

Gwangwanin madara ne, irin mai hoton saniya a jiki, har da lotsawar gefe. Ba ɗaya ba, guda shida, uku a sama uku a ƙasa. Wani a kan rawaya mai haske, wani a kan shuɗi, wani a kan ruwan hoda kamar alawar yara. Saniyar nan kore, ta can ruwan lemo. A bakin kowane gwangwani ga jajayen biro a tsaye. Launukan suna ihu, amma ba sa faɗa da juna. Sai na ji falon ya ƙara haske, alhali labule a sake yake.

Dillaliya ta daɗe a sunkuye.

"Rana ba ta taɓa shi ba," ta ce a hankali. "Ko sau ɗaya. Na ga 'yan'uwan hoton nan uku, duk jan nasu ya fara koɗewa. Wannan kamar jiya aka buga shi. A ina kika ajiye shi, Mama?"

"A inda ba mai gani."

"Allah ya saka miki."

Mama ta ɗan taɓe baki.

Yaya ya ce, "To Hajiya, a taimaka mana. Ni dai gwangwani nake gani. Mene ne abin kuɗi a gwangwani?"

"Masu sana'ar suna ce wa irinsa fof-at. Mai zane ya bar duwatsu da dawaki da manyan mutane, ya ɗauko abin da ke kan kantar kowane kanti, ya ƙara masa girma, ya zuba masa launin allon talla, ya maimaita shi. Sai ka tsaya ka kalli abin da kullum kake wucewa ba ka gani."

"Da burushi ya yi?"

"A'a, bugu ne. Ka san masu buga rubutu a riga? Kusan haka. Ana ɗaure yadi mai laushi a jikin katako, a toshe inda ba a so tawada ta bi, a ja ta da hannu ta sauka kan takarda. Kowane launi da nasa yadin. A buga rawaya, a jira ta bushe. A dawo a buga shuɗi, dole ya sauka daidai inda aka auna masa. Haka har launuka su ƙare. In hannu ya goce a na ƙarshe, takardar ta tafi shara."

Na ga Mama ta gyara zaman tabarau. Shekara talatin ta yi tana koyar da lissafi, kalmar awo ba ta wuce ta haka nan.

"Amma ai hannun nasa ya goce," ta ce. "Dubi jan nan, ya fita daga layi."

"Da gangan ne, Mama."

"Da gangan mutum zai fita daga layi?"

"Duba duka shidan. Ko'ina fitar iri ɗaya ce, gefe ɗaya, faɗi ɗaya. Shi ke sa biron kamar yana motsi."

Mama ta sunkuya. Ta auna na farko da farcen ɗan yatsa, ba tare da ta taɓa takardar ba, ta kai kan na biyu, ta kai kan na uku.

"Daidai suke," ta ce, kamar da kanta take magana.

Yaya ya yi gyaran murya. "Hajiya, ni ɗan kasuwa ne, ki yi min gwari-gwari. Nawa?"

"Sai na ga ƙasan takardar. Nan sa hannunsa yake."

Mama ta ƙara danne kwalin.

"Ƙasan nan ba na gani ba ne."

"Mama, ba zan iya faɗin komai ba sai na gani."

"To ki bar shi. Dama na ce an sa kin ƙona mai."

Yaya ya miƙe tsaye. "Mama! Baiwar Allah ta taso tun safe. Me ke ƙasan da ba za a gani ba?"

"Zauna. Ba a tsaya min a ka."

Ya zauna. Mutumin da ya aurar da 'ya, amma muryar aji ta Mama har yau tana zaunar da shi.

Na matsa kusa da ita. "Mama, mu ne fa. Ba baƙo sai ita, ita ma aikinta take yi."

Ta daɗe tana kallon hannunta. Sannan ta juya wajen dillaliya.

"'Yar nan, kina da 'ya'ya?"

"Biyu, Mama."

"To za ki gane. Yaron nan na so ya karanta lissafi, kansa yana ja. Ya ce shi zane. Na bar shi, ban so ba amma na bar shi. Da ya gama makarantar tasu ya aiko min wannan. Na buɗe da murna. Sai na ga malaminsa ya sa masa maki a ƙasa, da fensir."

"Maki?"

"Bakwai bisa arba'in." Muryarta ta yi ƙasa. "Ko kashi ashirin cikin ɗari bai kai ba. Shi saboda ƙuruciya ko gogewa bai yi ba, ya turo min haka. Ni kuwa ba zan rataye faɗuwar ɗana a bango kowane baƙo ya karanta ba. Na rufa masa asiri. Ko ubansu har ya bar duniya ban nuna masa ba."

Dillaliya ta rufe bakinta da safa. Na zaci dariya za ta yi, har na fara jin haushinta. Da ta sauke hannun sai na ga idonta ya kawo ruwa.

"Mama, ba maki ba ne."

"Na san maki in na gan shi."

"Wallahi ba maki ba ne. Ba malami ya rubuta ba, shi ya rubuta da hannunsa. Guda arba'in ya buga, ba ƙari. Kowanne ya sa masa lamba. Wannan shi ne na bakwai a cikin arba'in ɗin."

Muna jin mai fenti yana kankare bango a ɗakin baya.

Mama ta ce, "Sake faɗa."

Ta sake faɗa, dalla-dalla.

"Wato lambar layi ce. Kamar ta rajistar aji."

"Haka ne, Mama."

"Ba wanda ya kayar da shi."

"Kayarwa? Wannan aikin ne ya fara fito da sunansa. Da ya gama bugawa ya wanke yadukan, ko shi ba zai iya ƙara na arba'in da ɗaya ba. Shi ya sa ake nemansu. Wasu suna gidajen adana zane, mutane suna bin layi su kalla. Na bakwai ne ba wanda ya san inda ya shiga."

Mama ta cire tabarau, ta goge da gefen mayafi, ta mayar. Ta sake cirewa.

"In haka ne me ya hana shi ba ni na ɗaya?"

Dariya ta kuɓuce min, hawaye na zuba. Dillaliya ma ta dara.

"Wasu masu bugu sun ce sai an ɗan yi nisa hannu yake zama, tawada ta kwanta. Amma wannan amsar sai shi."

Yaya ya ce, "Alhamdu lillahi, ba maki ba ne. To Mama a ɗaga hannu."

Ba ta ɗaga nan take ba.

"Akwai saura," ta ce.

Ta janye kwalin.

Ga lambar a hagu da fensir, ga sa hannun Auta a dama. A tsakaninsu kuwa, da jan biro, da rubutun nan nata mai tsayuwa kamar an jera sojoji: *Kada ka karaya. Ni na ga ƙoƙarinka.* Har da layi biyu a ƙasa, yadda take ja wa ɗalibin da take ji da shi.

Dillaliya ta ja numfashi ta riƙe.

Yaya ya dube ta. "Hajiya, fuskarki ta canza. Gaya min."

"Da babu rubutun nan, yadda launinsa yake, ga shi daga hannun mahaifiyarsa ya fito, da ya sayi irin motarka da ke ƙofar gida. Sabuwa. Da canji mai kauri."

"Da rubutun fa?"

"Masu saye suna son takarda fes. Tawadar biro ba ta fita. Wasu za su ce rabi, wasu ma ba za su taya ba."

Yaya ya dafe kai da hannu biyu. "Mama! Da biro ɗaya kin cinye mana inji da tayoyi!"

"Motarka ce?"

"A'a, amma..."

"To yi min shiru."

Ya juya wajen dillaliya. "In an yanke gefen fa? Almakashi kawai, a bar gwangwanayen."

"Ka yanke, ka yanke lamba da sa hannu. Sai ya koma kalanda." Ta sake kallon jan rubutun. "Kuma ni ban ce kowa ne zai rage ba. Na daɗe a sana'ar nan, ban taɓa ganin wanda uwar mai zane ta yi wa maki ba. Kasuwa ba ta da farashin wannan tukuna. Ni kaina ban san nawa zan ce ba."

Mama ba ta saurarensu. Ni take kallo.

"Ke, tun ɗazu bakinki yana motsi. Faɗi."

Na ce, "Mama, kin tuna zuwansa na ƙarshe? Da ya ce zai yi mako biyu, ya kwana biyu ya tafi?"

"Ya ce aiki ya taso."

"Ba aiki ba ne. Ya tsaya a falon nan yana bin bango da kallo. Ga takardar shaidar Yaya a rataye, ga tawa, ga kalandar kanti. Ya same ni a kicin ya ce, ina hoton da na aiko? Na zo na tambaye ki, kika ce kin adana, kada a ƙara tayar da maganar. Haka na gaya masa."

"Me ya ce?"

"Ya ce, na gane. Shi ke nan."

Mama ta jingina da kujera.

"Ni na zaci kunya ce ta hana shi tambayata. Na ce bari in taya shi shiru." Ta girgiza kai. "Shi kuma ya zaci kunyarsa nake ji."

Yaya ma ya sauke hannunsa daga ka.

Dillaliya ta ce, "Mama, akwai ƙa'ida. Kafin a yi maganar ciniki, ana ɗaukar hoton takardar a tura ɗakin aikin mai zanen, su tabbatar tasu ce. Amma sai da izininki."

"Shi zai gani?"

"Wannan kam shi za a kai wa."

"Har rubutun?"

"Dukan takardar ake ɗauka, daga gefe zuwa gefe."

Yaya ya ce, "A ɗan sa yatsa a wurin mana. Kada ya ga an ɓata masa aiki, abin ya ƙara lalacewa."

Mama ta kalli rubutun nata. Na san abin da take aunawa. Auta yana iya ganin ƙauna, yana kuma iya ganin uwar da ta ɗauki aikinsa mafi kyau ta ce masa ya faɗi.

"Ɗauki," ta ce. "Ban ce na sayar ba. Na ce ki tura."

Aka ɗauka, aka tura. Na kawo ruwa, ba wanda ya sha.

Don ta rage mana nauyin jira, dillaliya ta ce, "An yi rubutu da yawa a kan hoton nan. Wasu sun ce yana nufin yadda kaya ke ƙarewa a hannun mutane, a saya, a cinye, a sake saya. Don in kun lura, biron yana raguwa."

Sai a lokacin na lura. Gwangwanin farko cike yake. Na biyu ya ragu. Haka har na ƙarshe, biro ɗaya tak.

Mama ta bi su da ido, sai ga murmushi.

"Ɓarawon birona."

"Na'am, Mama?"

"Gwangwanina ne, na kan teburin maki. Lotsawar nan Auta ne ya yi ta, ya faɗo da shi yana rarrafe. Da ya fara wayo sai biro ya riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Yana kai su lungu yana zane a bayan tsofaffin takardun jarrabawa."

Yaya ya ce, "Kai! Ni fa aka daka a kan biron nan!"

"Sau ɗaya. Kafin in gano."

"Da kika gano fa?"

"Sai na riƙa sayen kwali biyu. Ɗaya na maki, ɗaya na ɓarawo."

Na ce, "Ya san kin sani?"

"Ina zai sani? In na faɗa ai sai in hukunta."

Dillaliya ta ce, "Su ma masu rubutun ba su yi ƙarya ba. Amma wannan ban taɓa jinsa ba."

"Kowa da abin da ya gani," in ji Mama. Ta matso da kujerarta jikin tebur, ta ƙura wa hoton ido. Ban taɓa ganin ta kalli wani abu haka ba in ba takardar ɗalibi mai hazaƙa ba. "Dubi saniyar nan. Kore ce, amma ka rantse za ta yi kuka. Yaron nan ya iya. Ashe ya iya."

Wayarta ta yi ƙara a kan hannun kujera.

Ƙaramar wayar nan ce mai madannai. Na leƙa fuskarta. Wata bai ko raba ba, ba ranar gaisuwa ba ce.

"Mama, Auta ne."

Ta kai hannu, ta janye.

"Ɗauka ki buɗe murya. Kunnen nan nawa ba ya ji sosai."

Kunnenta lafiya lau yake. Na ɗauka na ajiye a gabanta.

Ya yi sallama, ta amsa. Ba ina kwana, ba ya jiki.

"Mama, yaushe kika yi rubutun nan?"

"Ranar da hoton ya iso."

"Kin zaci faɗuwa na yi."

"Haka na zata."

"Shi ya sa kika ɓoye."

"Shi ya sa."

Muna jin numfashinsa, da ƙarar wani abu kamar fanka a bayansa. Ba dariya a muryarsa, ba kuka, na kasa gane inda ya dosa. Yaya ya buɗe baki, Mama ta ɗaga masa yatsa.

"Duk shekarun nan lambar kika kalla," in ji Auta. "Yau kin kalli hoton?"

"Yana gabana."

"To ni ban taɓa tambayar kowa ba, ba masu saye ba, ba masu rubutu ba. Ke nake tambaya, Malama. Nawa kika ba ni?"